Bashin Ganye

Shekara talatin da ɗaya ina bayan gilashi
a tashar jirgin ƙasa ta Todmorden,
makirfo a gabana, shayi yana hucewa a gefe.
Aikina in gaya wa mutane jirgi ya makara,
in kuma faɗi abin da ya sa.
Na farkon ba wuya.
Na biyun ne ya cinye mini ƙuruciya.

Harshenmu na Turanci ɗan kasuwa ne,
ba ya faɗin dalili sai ya buɗe littafin bashi.
In ganyen kaka ya zube kan dogo
ƙafafun jirgi suka kama santsi,
kalmar da nake furtawa, in ka fasa ta kamar ƙwai,
cewa take ana bin mu.
Jirgin bakwai da kwata ya makara,
bashin ganye ne, a yi haƙuri.
Sai ka ce wata rana itacen zai tako har ofis
ya tsaya a layi, ya ce a biya shi.

Akwai wadda ke zuba sanadi a asusu.
Akwai mai godiya ko da abu ya ɓaci:
godiya ga ruwan sama, gada ta nutse.
Tsoho Barraclough da ya koya mini aikin
yakan ƙwanƙwasa tebur da fensir:
Doreen, kalmomin bashin nan biyu ba ɗaya ba ne,
wannan suna take bi, waccan aiki.
Har ya koma ga Mahaliccinsa bai shawo kan kowa ba.
Fasinja dai sanyi yake ji.

Mahaifiyata ba ta san kasuwa ba, lambu ta sani.
A bakinta kowane abu yana da kara da saiwa,
ko idon ruwa da ya ɓuɓɓugo daga gare shi.
Taurin kan nan naki, in ji ta,
daga kakarki ya tsiro.
Nakan shafa ƙeyata in ji ko da ganye.

Da Clifford ya tafi, cikin sanyin Fabrairu,
kowa ya zo da nasa dalilin, kamar kwanon gaisuwa.
Maƙwabciyata ta ce abin ya gangara ne zuwa ga taba,
don mu nan sanadi a ƙasa yake, gangara masa ake yi.
Ƙanensa ya ce a'a, ƙurar masaƙa ce,
shekara ashirin yana shaƙar auduga.
Ni kuwa kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya,
'yar mitsitsiya, harafi biyu kacal,
wadda muke faɗin abin da aka ƙera abu da shi:
zobe na zinariya, kujera ta katako.
Da ita ɗin dai muke faɗin abin da ya kashe mutum.
Kamar da ciwon huhu aka sassaƙa mijina tun farko,
ni ce ban lura ba,
ina ta wanke masa riguna.

Ran Litinin na koma aiki.
Takarda ta zo daga sama, da dalili a rubuce,
tsaf, ba kuskure ko na waƙafi.
Na danna maɓalli.
Jirgin bakwai da kwata ya makara, na ce.

Sai na yi shiru.

Mutum goma sha wani abu suka ɗaga kai
suna kallon lasifika, suna jiran ragowar.
Wata yarinya mai jar hula ta cire abin kunnenta.
Tattabara ta gyara zama a kan agogo.
Ban ce bashin kowa ba ne,
ban gode wa kowa ba.

Can sai ga shi ya ɓullo daga kwanar kwari,
jiƙe sharkaf, yana nishi,
ganye biyu manne a goshinsa.
Suka shiga.
Ba wanda ya tambaya.